Numfashin da Na Kai Masar a Auna

Tun da na dawo ban sha shayi a bakin shago cikin natsuwa ba. Wannan ya tsaya ya ce, "Alhaji, yaya Masar?" Wancan ya ce, "Ina injin da aka ce ka je saye?" Oga Chinedu, maƙwabcina mai katifar soso, har cewa yake wai aure na je nema aka hana ni, shi ya sa na dawo ba baki. Na gaji da amsa guntu-guntu, ga labarin nan gaba ɗaya. Abu na farko, ban je sayen inji ba. Ƙirjina na kai a duba.

Ga wanda bai san ni ba, katifa da matashi na auduga su ne sana'ata. Ina da shago a Kasuwar Sabon Gari, ina da kuma ɗakin inji a wani lungu na Fagge. A ɗakin nan ake buga auduga, ta gona da ta rimi, a niƙa guntayen yadin da muke kwasowa wajen teloli, har su yi laushi a ɗura. Da sanda biyu da tabarma na fara, ina bugun tsohuwar katifa a ƙofar gidajen mutane. Wanda bai taɓa shiga ɗakin inji ba, ba zai gane ba. Idan rana ta ratso ta taga za ka ga ƙananan zaruruwa sun cika iska suna yawo, ba sa sauka ƙasa. Mu fito gira fari fat, mu fyace hanci, kowa ya fasa gwangwanin madara ya shanye. Haka muka gada wajen iyayen gidanmu, wai madara tana wanke ƙirji.

Abu biyu ne suka haɗu suka tashe ni. Ɗana Abba ya gama karatu, ya ce shi ba ya son zaman ofis, ɗakin inji yake so, kuma na yi masa alkawarin zan damƙa masa shi bayan Babbar Salla. Ana cikin haka Malam Hamisu ya rasu, mutumin da muka fara bugun auduga tare. Bai taɓa sa taba a bakinsa ba, amma a ƙarshen rayuwarsa Fatiha ma sai ya yanka ta gida-gida yana neman iska. Ni kaina na jima ina jin kamar an ɗaure mini ƙirji da igiya. Sai tambaya ta zauna mini: in ƙurar nan ce ta cinye Hamisu, to me zan miƙa wa Abba, sana'a ko ciwo?

Za a ce me ya hana ni zuwa asibiti a nan Kano. Kasuwa ce ta hana ni. Dila ya shiga ɗakin likita da safe, kafin azahar an gama raba masu sayen kayansa a Bata, nan bakin kasuwarmu. Don haka na ce da kowa, har Hajiya a gida, zan je duba sabon inji. Kafin tafiyar kuma na shirya kaina. Na yi kusan wata ban leƙa ɗakin inji ba, ina shan madara safe da yamma, ina haɗawa da zuma. Ni ɗan kasuwa ne, ban taɓa kai kaya gaban mai saye ban kakkaɓe su ba.

Abba ne ya kai ni filin jirgi. Duk hanya yana lissafa mini irin injin da ya kamata in duba, mai ƙaramin ƙara, mai cin wuta kaɗan. Ni dai ina "to, to". Da ya juya ya tafi na ji wani iri, domin wannan ne karo na farko da na bar gari babu mutum ɗaya da ya san abin da zai roƙa mini.

A cikin jirgi kusa da ni wata dattijuwa ce 'yar Sabon Gari, za ta je a duba mata gwiwa. Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni. Tana da 'ya'ya biyu a kujerun baya, kowane lokaci ɗaya ya taso ya gyara mata mayafi. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, kai wa ka rako?" Na ce kasuwanci ne. Ta ce, "Kasuwanci da wannan tarin?" Na ce sanyin jirgi ne. Ta miƙo mini alewar citta.

Wahalar farko a bakin shiga ƙasar na same ta. An buga mini hatimi a fasfo lafiya, amma da aka zo buɗe jaka sai ga ƙullin leda uku: audugar gona, audugar rimi, da niƙaƙƙen yadi. Samfur ne na ɗauko don in nuna wa likita, domin a saninmu ba a ciniki sai an ga kaya. Jami'in ya ɗaga ƙulli ɗaya ya kira abokin aikinsa, wannan ma ya kira wani. Na tattaro Larabcin makarantar allo na jefa musu, suka dubi juna suka yi murmushi kamar sun ji mai wa'azi. Daga ƙarshe aka samo mai ɗan Turanci ya fahimtar da ni cewa ɗanyar auduga ba ta shiga ƙasarsu haka kawai, saboda ƙwari da cutar shuka. Ya ƙara da cewa, "Kuma auduga ka kawo wa Masar?" Suka riƙe samfur, suka bar mini yajina. Ban yi musu ba, ƙasarsu ce.

A waje Malam Ƙasimu yana jirana. Wani abokin ciniki ne ya haɗa mu ta waya, shi a zatonsa tafintan sayen inji nake nema. Mutumin Damagaram ne amma a Fagge ya girma, ya zo karatu tun yana saurayi, bai koma ba, ga shi gemu ya yi fari. Aikinsa yanzu raka marasa lafiya 'yan ƙasarmu asibiti da yi musu tafinta. Hausarsa irin ta da ce, wadda rabona da jin ta tun kakata na da rai. Abin da ya fara tambayata shi ne, "Har yanzu ana sai da gurasa a bakin masallacin Fagge?" Na ce ana yi. Ya ɗauki jakata muka shiga mota.

Masaukin da ya kama mini ɗaki ne a hawa na sama na wani dogon bene, taga tana kallon bangon wani benen. Abu na farko da na yi, na danna katifar da hannu. Soso ce, kuma ba mai kyau ba. Mutanen benen suna da yawa, ina jin motsinsu ta kowane ɓangare, amma in kun haɗu a ƙofa sallama ɗaya ce, kowa ya wuce. Babu ina gajiya, babu yaya iyali. A Fagge daga gidana zuwa masallaci sai na makara saboda gaisuwa, har ina ƙorafi. A can na kai har ina jinkirta rufe ƙofa ko wani zai tsaya.

Abincinsu ba laifi, sai dai babu wanda zai zauna maka a ciki kamar tuwo. Da safe wake ne dafaffe da aka dama da mai, a ci da burodi mai faɗi. Da rana wani haɗi ne na shinkafa da taliya da ƙananan wake da soyayyar albasa, duk a kwano ɗaya. Na barbaɗa yajina ya ɗan dawo hanya. Abin da ya fi damuna shi ne cin abinci ni kaɗai. Tun ina yaro ban saba sa hannu a kwano babu wani hannun ba. Sau da yawa nakan ce "bismillah" da ƙarfi kamar ina kiran wani, sai in tuna.

Titi kuwa, wanda yake ganin Bata da cunkoso bai je can ba. Motoci ba sa tsayawa, mutum ne yake ratsa su yana ɗaga hannu. Na tsaya a bakin titi har wata tsohuwa mai kwando ta kama mini hannun riga ta tsallakar da ni kamar akuya, ta sake ni ta yi gaba ko waiwaye babu.

Ranar asibiti na sa farar shadda, na fesa turare. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, ba ta da yawan dariya. Aka ɗauki hoton ƙirji, sannan aka kai ni wani ɗan ɗaki aka matse mini hanci da wani abu kamar na maƙale kayan shanya, aka ba ni bututu in sa a baki. Malam Ƙasimu ya ce in ja iska har ƙarshe in hura da dukan ƙarfina. Na hura a hankali, irin yadda dattijo zai hura shayi. Ma'aikacin ya kama kai. Ya tsaya a gabana yana daka tsawa yana buga ƙafa kamar mai korar kaji. Malam Ƙasimu ya ce, "Alhaji, ajiye girman nan a ƙofa, babu wanda ya san ka a nan." Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi mini zafi. Na hura har idona ya yi duhu, aka maimaita, aka fesa mini wani magani, aka sake maimaitawa.

Da muka koma gaban likita ta fara tambaya, Malam Ƙasimu yana juyawa.

"Ta ce yaushe rabonka da shiga wurin aikin?"

Na gyara zama na ce, "Faɗa mata kusan wata guda. Na huta sosai, na sha madara, don in zo da kyau."

Ta ajiye alƙalami ta dube ni. Ta yi magana mai ɗan tsawo. Malam Ƙasimu ya yi gyaran murya ya ce, "Ta ce ka ɓoye mata rabin abin da take nema. Wannan ƙura ana gane aikinta ne idan an auna mutum kafin ya shiga cikinta, a sake auna shi bayan ya wuni a ciki. Kai kuma ka wanke kaya ka kawo."

Na ce, "Madarar fa?"

"Ta ce madara ciki take zuwa, ƙura kuma huhu. Hanyarsu ba ɗaya ba ce."

Na ji haushi, ba don ƙarya ta yi ba, sai don na tuna yawan katan-katan ɗin madarar da suka shiga ɗakin injinmu. Sai ta yi wata tambaya da ta sa na daina jin haushin. Ta ce a wace rana ta mako ƙirjin ya fi ɗaurewa? Ban yi tunani ba na ce Litinin. Ranar Lahadi ba ma tayar da inji, saboda yawancin masu sarin kayanmu a Sabon Gari suna coci. Kowace Litinin kuwa, kafin la'asar, duk ɗakin tari ne, mu kuma muna cewa jiki ne bai gama farkawa daga hutu ba. Ta gyaɗa kai kamar na faɗi abin da take jira.

Abin da ta gaya mini game da kaina gajere ne. Huhuna ya rage ƙarfi fiye da na sa'annina, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma in na bar ƙurar zan iya riƙe abin da ya saura. Ta rubuta mini abin shaƙa. Na ce na gode, amma ba wannan ne ya kawo ni ba. Na fito da waya na nuna mata hoton Abba.

"Malam Ƙasimu, tambaye ta. Yaron nan in ya shiga sana'ar, zai kama shi ko ba zai kama shi ba? Ina son magana ɗaya."

Ta daɗe tana kallon hoton. Amsarta ita ce ba ta da magana ɗaya. Wani yakan yi shekaru a cikin ƙurar ya fita da ɗan tari kawai, wani kuma ta gama da shi, kuma babu injin da zai nuna tun yau wane ne wane. Abin da ake yi shi ne a rage ƙurar, a rufe hanci da takunkumi na ainihi, a riƙa auna mutum duk shekara a ga ko numfashinsa yana zubewa. Ta ce irin wannan ciwo a hankali yake tafiya, awonsa ma a hankali ake yi. Ta ƙara da cewa bututun da na hura akwai shi a garinmu, ba sai na hau jirgi ba.

Na fito raina a jagule. Na saba in biya kuɗin abu in tafi da shi a hannu. A nan na biya, an sallame ni da "wataƙila".

Kwanakin da suka rage kafin jirgin komawa Malam Ƙasimu yana da wasu marasa lafiya, sai na riƙa yawo ni kaɗai. Wata rana da hantsi, a wani lungu na tsohon gari, na ji wani ƙara da ya tsayar da ni: tam, tam, tam, kamar ana kaɗa tsarkiya. Na leƙa. Wani tsoho ne zaune a ƙasa da ƙaton baka na shiɓa, irin wanda kakanninmu mata suke kaɗa auduga da ƙaraminsa, yana dukan igiyar da guduma, auduga tana tashi. Hasken ƙofa cike da zaruruwa. Warin wurin ma irin na Fagge ne. Tun da na sauka, sai a nan na ji na iso wani wuri da na sani.

Na yi sallama na tsuguna. Na ɗebi auduga na murza, na ja zaren tsakanin yatsu, na ɗaga masa babban yatsa. Ya dubi hannuna, ya kama shi ya juya, ya ga kantar aiki a tafina, sai ya fashe da dariya ya buga mini kafaɗa. Ya aika aka kawo shayi. Ba mu da yare ɗaya, amma mun yi hira mai daɗi. Na nuna masa yadda muke ɗinke bakin katifa, ya girgiza kai ya nuna mini nasu. Tsohon nan ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma numfashinsa lafiya lau, ko tari ɗaya bai yi ba. Na ji zuciyata ta yi sanyi. Na ce a raina, to ga shi, ashe ana tsufa a cikinta.

Da zan tafi ya kama hannuna ya ja ni ƙuryar shagon, ya ɗaga labule. Wani mutum ne kishingiɗe a kan katifa, bai wuce shekara arba'in da 'yan kai ba, da siririyar roba a hancinsa, ga tukunyar iska a gefe. Kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Ya ɗago hannu ya gaishe ni, bai iya haɗa sallamar ba. Tsohon ya dafa ƙirjinsa, ya nuna mutumin, ya faɗi kalma ɗaya da ko Larabcin allo ya ishe ni in gane: ɗana.

Ban san ciwon da yake damun mutumin ba, ni ba likita ba ne, kuma ba ni da bakin tambaya. Amma na ga hannunsa, irin nawa ne. Na yi musu addu'a da Hausa, tsohon ya shafa. Na fito na zauna a bakin wani masallaci har aka kira azahar. Na ɗauko waya in kira gida, sai na tuna duk wanda zan kira inji zai tambaye ni. Na mayar da ita aljihu.

Malam Ƙasimu ya raka ni filin jirgi. Na ba shi ragowar yajina, ya karɓa da hannu biyu ya shinshina. Na ce, "Malam, ba za ka zo gida ba?" Ya ce, "Wa ya rage da zan je wa?" Muka yi sallama.

Da na dawo ban ɓata lokaci ba. Na gaya wa Hajiya gaskiya, ta yi kukanta ta yi faɗanta, duka na cancanta. Na kira magina suka fasa bango ɗaya na ɗakin inji, aka sa manyan fankoki masu zuƙe iska waje. Na sayo takunkumi mai kyau, na ce wanda ya cire shi a bakin aiki ya tafi gida. Na kwashi ma'aikatan duka na kai su asibiti a nan cikin gari ranar wata Litinin, suka hura da safe, suka koma suka hura da yamma, kuma haka za a riƙa yi duk shekara. Biyu daga cikinsu da awon ya nuna numfashinsu ya ragu, na mayar da su ɗinki a waje. Madara ban hana ba, wanda yake so ya sha don daɗinta.

Saura Abba. Na kira shi soro bayan sallar la'asar na faɗa masa komai, har tsohon nan da ɗansa. Na ce shagon kasuwa nasa ne daga yau, da saye da sayarwa duka, amma ɗakin inji ba zai shiga ba.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, likitar ta ce zai kama ni?"

"Ba ta ce ba."

"Ta ce gyaran da ka yi ba zai wadatar ba?"

"Ba ta ce ba. Ta ce sai an yi shekaru ana aunawa."

"To su Malam Idi da suke ciki fa? Nasu ƙirjin na ƙarfe ne?"

Malam Idi shi ne babban mai kula da injin. Na ce, "Ba na ƙarfe ba ne. Na faɗa musu abin da na faɗa maka, na rage musu abin da zan iya ragewa, suka zaɓi zama. Kai kuwa ni ne zan sa ka a ciki da hannuna, kuma ba zan sa ba."

"Alkawari ka yi mini, Baba."

"Na yi. Na karya."

Ya miƙe ya ce, "To, ranka ya daɗe." Tun da aka haife shi bai taɓa kirana da haka ba.

Yanzu yana shagon kasuwa, kuma ya iya ciniki, har ya fi ni haƙuri da masu taya kaya. Kullum da safe zai zo ya durƙusa ya gaishe ni, gaisuwa cikakkiya babu abin da ya rage, ya tashi ya tafi. Da can tare muke cin abincin rana, yanzu ya ce aiki ya yi masa yawa. Hajiya tana cewa in lallashe shi, in ce masa ko nan gaba. Ba zan faɗa masa abin da ban sani ba. Ya yi ta fushinsa. Fushin ma sai da numfashi ake yin sa.